Ƙosai Uku da Igiyar Birebe

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har sunayen wasu da munka yi shekara huɗu aji ɗaya sun ɓace mini, amma shekarar da na yi rejim, wato tsarin cin abinci na rage ƙiba, a tashar Madawa, wagga kam ko daga barci anka tashe ni zan kawo labarinta tiryan-tiryan. E, a tasha na ce. Tsakanin kaskon ƙosai da tukubar tsire, wurin da kowa ke zuwa ya ƙara ƙiba, nan ni na rage tawa. Har yau in na tuna sai in kama dariya ni kaɗai.

Ni ɗan Bangi ne. Farkon shekarun tamanin, kafin babbar yunwar nan da kowa ya sani, anka turo ni kwaleji Madawa. Lokacin ɗan ƙauye in ya ci jarrabawa sai a nema mishi mai masauki cikin gari. Ni nawa abokin babana ne, wani mahauci mai sai da tsire bakin tasha, Baba nake ce mishi. Mutumin kirki ne na ƙarshe, sai dai iyalinshi na can ƙauye, gidanshi babu mai ɗora tukunya. Ke nan ni safe, rana da marece, tasha ce madafata.

To ga inda abin ya samo asali. Kun san ƙasarmu, da an gama girbi maza sai su bi mota zuwa Abijan. Matan da ke sai da abinci a tasha kusan kowacce tana da miji ko ɗa can, kuma ba mai iya rubutu a cikinsu. Ni kuwa Allah ya ba ni saurin hannu. Kafin mace ta gama cewa "a gaishe shi da kyau" na riga na kai layi na huɗu, bik na gudu bisa takarda kamar an kora shi. In direba ya kawo amsa ni ke karantawa. Kuma a wurinsu abin kunya ne a miƙa wa ɗan lakwal, wato ɗan makarantar boko, kuɗi don ya rubuta wasiƙa. Sai dai a cika mishi ciki. Kai kuma ba ka isa ka ce a'a ba, don ƙin karɓar abin hannun babba raini ne.

Na zo Madawa siriri kamar karan gero. Kafin in kai ajin ƙarshe, jama'a, wandon kaki uku na fasa. 'Yan aji sunka sa mini suna Buhun Albasa, ni ma har amsawa nake. In na je bakans, wato hutun makaranta, gida uwata ta riƙa zagaya ni tana murna, tana kiran maƙwabta su zo su ga yadda birni ya karɓi ɗanta. Wa zai ce maka ƙiba matsala ce a wancan zamani? Ai alamar hutu ce.

Matsalar ta fito ne a shekarar birebe, jarrabawar fita kwaleji. Na riga na maimaita aji sau ɗaya, saboda haka in na faɗi babu wata dama, kora ce kai tsaye, in ɗauki jakata in bi sahun masu tafiya Abijan. Faransanci ina ja, tarihi ina ja, amma lissafi ni da shi ko gaisawa ba mu yi. Wata rana mushen espor, wato malamin wasanni, wani dogo mai usur a wuya kullum, ya tara mu ya ce makin espor ana haɗa shi da sauran, kuma ya sha ganin wanda wanga maki ya tsamo daga rami. Abu uku za a gwada: gudu, tsalle, da hawan igiya. Sai ya nuna mana igiyar, tana reto daga wani ƙarfe mai tsawo a tsakiyar fili.

Yara sunka riƙa hawa kamar birai. Da layi ya zo kaina na tofa yawu a hannu, na yi bisimilla, na kama, na ja. Wallahi ƙafata ba ta bar ƙasa ba. Na sake ja, na ɗan tashi kamar taki ɗaya, na tsaya ina juyawa a hankali, ina kallon 'yan aji ɗaya bayan ɗaya suna faɗuwa ƙasa don dariya. Wani ya ce a kira kamyo, motar ɗaukar kaya, a loda. Mushe bai yi dariya ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Ya matso ya ce a hankali, "Hannunka na da ƙarfi. Kayan ne sunka yi mishi yawa. Kana da wata huɗu."

Ranar na yanke shawara irin ta ɗan shekara goma sha bakwai. Abokin zamana a aji ya ce ya gani a wata jarida Turawa in za su rame barin cin abinci suke, su sha ruwan lemun tsami. Na ce dakor, an gama. Abincin tasha shi ya kai ni ga haka, to ni da shi har abada. Na daina bi ta tasha kwata-kwata, na riƙa zagayawa ta bayan kasuwa kamar ɓarawo. Baba in ya aje mini tsire sai in ce na ci a gidan aboki, in faki idonshi in kai wa maƙwabta. Ruwan lemun tsami da ɗan garin rogo tafi ɗaya, shi ke nan abincina. Ban gaya wa kowa dalili ba, kunya nake ji a ce ƙato kamata yana gudun abinci don igiya.

Kwana shida na yi. Ran na bakwai da safe muna tsaye a layi ana ɗaga tuta, sai na ga tutar ta zama biyu, sannan ta zama baƙa. Daga baya anka ba ni labari wai mutum huɗu sunka ɗauke ni, suna hutawa a hanya.

Na farka a dispansar, wata 'yar gajeruwar mata da farar riga tana tsaye kaina. Ita ce majo, babbar ma'aikaciyar jinya ta wurin, duk garin ana shakkar bakinta. Ta sa na sha koko mai zafi tukuna, sannan ta ja kujera.

"To, Buhun Albasa, haka sunka ce sunanka. Yaushe rabonka da abinci?"

Na gaya mata komai, har da jaridar. Ta dube ni ta saman tabarau.

"Wanda ya ba ka wagga shawara, shi ma birebe zai yi? Allah ya jiƙan ƙasarmu. Ka ga, in ka ƙi cin abinci, naman hannun nan da za ka ja igiya da shi, shi zai fara narkewa kafin tumbin. Ina kake cin abinci?"

"Tasha, madam."

"Akwai wani wuri?"

"Babu."

"To rejim ɗinka a tasha za a yi shi. Ka jira ni in tashi aiki."

Na zaci wasa take. Bayan la'asar sai ga ta ta turo mobilet ɗinta, ɗan ƙaramin babur, ta ce in bi ta a ƙafa, wai motsa jikin ya fara daga nan.

Ban taɓa jin nauyin shiga wuri kamar ranar ba. Labarin faɗuwata ya riga mu isa. Baba na tsaye gaban tukuba, idonshi ja, ba kuma hayaƙi ne ya sa ba. Ya ce, "Ɗan da anka ba ni amana ya hwaɗi don yunwa. A gidan mahauci! Mi kake so in ce ma ubanka?" Inna mai ƙosai kuwa, wata dattijuwa da ta fi kowa sona, ko ɗaga kai ba ta yi ba, tana ta juya ƙosai.

"A'a, mushe ne ya zaka? Mu mun zaci an naɗa ka kwamanda, shi ya sa ba ka bi ta wurin talakawa." Sai ta zaro wata wasiƙa daga ƙugunta, duk ta yamutse. "Kwana biyar tana nan. Ta ɗana ce. Ban ba kowa ya karanta ba, don ba kowa nake so shi ji sirrina ba."

Nan ƙwalla ta cika mini ido. Na durƙusa na karanta mata a wurin, lafiya lau yake, har ya samu aiki a tashar jirgin ruwa. Sai da ta yi hamdala sau uku sannan majo ta tafa hannu ta ce duk mai ba yaron nan abinci ta matso.

Nan fa anka yi abin da ba zan manta ba. Majo ta ce kowa ya faɗi abin da yake ba ni a yini. Inna ta ce ita da safe ƙosai goma sha biyu take ba ni da koko, ta zuba mini sukari da yawa, tunda yaro ne nesa da uwarshi, ba mai kula da shi sai ita. Kafin ta rufe baki sai Yaya mai fanke, wata matashiya mai tsiwa, ta ce, "Ba mai kula da shi sai ke? Ni hwa? Kullum in sun fito hutun ƙarfe goma hwanke takwas nake aje mishi!" Mai shinkafa da wake ta dafe ƙirji ta ce ita fa ta ɗauka yinin duka abin da ta ba ni ne kaɗai ke shiga cikina, shi ya sa take cika kwano ta malala mai ludayi biyu. Mai shayi ya ce to shi burodi da bota da madarar gwangwani da yake ba ni fa? Baba ya ce a hankali shi kuma kitse da tantaƙwashi yake ware mini, don ya ga ina karatu da yawa.

Ashe duk shekarun nan kowannensu yana ganin shi kaɗai ke riƙe da ni! Ni kuma kunya ta hana in ce wa wani na ƙoshi. Sunka dubi juna, sunka dube ni, sai tasha ta kaure da dariya, har 'yan kamasho da direbobi. Inna na dariya tana share hawaye tana cewa, "Ɗan banza, ashe gandu biyar kake ci!"

Majo ta bari sunka lafa. Sai ta ɗauki takardar siminti da ake naɗe fanke a ciki, wadda ta jiƙe da mai, ta ɗaga ta saitin rana. "Kun gani? Har ana hango mutum ta ciki. Wanga shi ne ya hana shi hawa, ba wake ba, ba nama ba." Ta bi su ɗaya-ɗaya kamar mai duba sojoji. Ƙosai abinci ne mai kyau, wake ne, amma uku, a tsane su bisa kwando, koko kuma ba sukari. Shinkafa da wake rabin kwanon da, wake ya fi yawa, mai cokali ɗaya, a cika sauran wurin da kwaɗon zogale ko kabeji. Tsire jan nama zalla, kar a yayyafa mai, a tula albasa da tumatir, tunda dai Madawa ba a rasa albasa. Shayi ba madara mai zaƙi. Lemun kwalba ko a mafarki.

"Ni hwa?" in ji Yaya mai fanke, hannu a ƙugu.

"Ke ranar kasuwa kaɗai. Biyu."

"Biyu! Madam, ko ɗan yaye ai ya hi ƙarfin biyu. To wasiƙata da mi zan biya?"

"Ki biya da addu'a. In kuma hannunki na ƙaiƙayi, ki saya mishi gwaba."

Tun daga ranar na zama aikin gayya na tasha duka. Da an sallame asuba Baba ke kora ni gudu, in bi hanyar lambunan albasa in dawo ina haki. Ya samo wata igiya mai kauri wurin masu lodin kamyo ya ɗaura a reshen iccen bedin da ke bayan tukubarshi, ya ce ba tsire sai na taɓa igiya. Kullum marece direbobi su kewaye ni suna ihu, "Ja, Buhu, ja!" Satin farko taki biyu. Sati na uku na wuce tsayin Baba. Hannuna ya yi kanta har bik ya riƙa yi mini wuyar riƙo.

Kar ku ɗauka waliyyi na zama. Wata rana ƙamshin fanke ya hau mini kai, na sulale can wata unguwa nesa da tasha inda ba a san ni ba, na samu wata tsohuwa tana suya. Na gaishe ta da ladabi. Ta ƙare mini kallo sama da ƙasa ta ce, "Kai ne na rejim ko? An riga an gaya muna. Wuce, ɗana, kar ka haɗa ni da matan tasha." Jama'a! Gari guda an haɗa mini kai. Na dawo ina ƙunƙuni, kafin in iso labari ya riga ni, Inna ta rage mini ƙosai ɗaya washegari wai tara ce.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne ban ji yunwa irin ta kwana shidan nan ba. Ina ci sau uku, ina ƙoshi, kaina ya washe, barcin da nake yi a aji bayan azahar ya tafi. Duk sati biyu in je majo ta ɗora ni bisa balans ɗin awon nauyi, ta matsa ɗan ƙarfen, ta ce, "Yana sauka. A hankali nake so, ba tsere muke ba." Akwai satin da bai motsa ba ko kaɗan, na kusa kuka, ta ce in ɓace mata da gani in ci gaba. Sau uku baduku na huda mini sabon rami a santir ɗin da nake ɗaure wando. Ban zama siriri ba fa, kar in yi muku ƙarya. Na dai tashi daga buhu na koma mutum.

Ranar gwajin espor zafi kamar a gasa gurasa a ƙasa. Masu ba da maki baƙi ne, daga Tawa anka turo su, ba ruwansu da kowa. Gudu na zo tsakiya, tsalle ba yabo ba fallasa. Saura igiya. Ina tsaye a layi sai na ji hayaniya wajen shingen lakwal. Na waiga. Wallahi tasha ce ta taso! Inna ta sauke kaskonta da rana tsaka, mai shinkafa da ludayinta a hannu, Yaya mai fanke da goyo, mai shayi, direbobi uku, ga Baba a gaba da rigar aikinshi duk mai. Can gefe kuma mobilet ɗin majo, tana zaune bisa kamar wucewa kawai take.

Anka kira lambata. Na kama igiya. Ja na farko ƙasa ta sake ni. Na biyu, na uku, na ji jikina na bin hannuna ba gardama, abin da ban taɓa ji ba a filin nan. Na wuce rabi. Daga nan gumi ya shiga ido, igiyar lakwal ta fi ta Baba santsi. Saura kamar kamu biyu na tsaya cak. Na dubi ƙasa, kuskure na farko ke nan, na ga kawunan mutane ƙanana. Na ji yatsuna na buɗewa da kansu.

Sai muryar Inna ta tsaga filin: "Kai ɗan nan! Wata huɗu ina ƙirga ƙosai awa marowaciya, in ka sauko ban yahe ba!"

Ban san inda ƙarfin ya fito ba. Na matse igiya da ƙafa, na miƙa, na sake miƙawa, sai na ji tafina ya bugi ƙarfe. Zafinshi kamar wuta, amma ban taɓa taɓa abu mai daɗinshi ba. Na buga shi sau uku don kar a ce ba a gani ba!

Guɗa ta tashi kamar an kawo amarya. Direbobi na buga gwangwani, 'yan ajinmu da sunka yi mini dariya su ne ke tsalle suna kiran sunana na gaskiya. Mushen espor ya hura usur ba dalili. Baba ya tsallako shinge, mai gadi na bin shi, ya rungume ni tun ban gama sauka ba, duk ya shafe ni da ƙamshin yaji. Ɗaya daga cikin baƙin nan ya cire tabarau ya tambayi mushe ko ɗan wani babba ne ni. Mushe ya ce, "Ɗan tasha ne."

Da sakamako ya fito anka tara mu a filin lakwal ana kiran sunaye. Nawa ya zo can kusa da ƙarshe, lokacin har na fara tunanin kuɗin motar Abijan. Na ci, da ƙyar, amma na ci! Daga baya mushe ya ja ni gefe ya ce lissafi ya so ya kashe ni kamar yadda anka zata, makin espor ne ya tura ni na haye. Na yi gudu daga lakwal har tasha ban tsaya ba, ina ihu tun daga nesa, abin da wata huɗu baya ko rabinshi ba zan iya ba.

Yanzu shekaru sun ja, yawancin mutanen nan sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Aikin da na yi daga baya na yawo ne, rabin abincin rayuwata a bakin hanya na ci shi, kuma ban sake komawa gidan jiya ba. Shi ya sa in na ji yaran yanzu na cewa mai son rage ƙiba dole ya yi gaba da abincin titi, ko ya kwana da yunwa, sai in ce su zauna in ba su labari. Ba na cewa soye-soye kullum alheri ne, wanda ke da tukunya a gida ya gode Allah ya dafa. Amma wanda titi ne madafarshi, a titin ma akwai zaɓi, akwai awo, akwai ranar da za ka ce yau biyu sun isa. Abin da na koya shi ne yunwa ba ta kai ni ko'ina ba sai gadon dispansar. Kuma abin da ya tara mini kaya tun farko kunya ce, kunyar buɗe baki in ce wa masu sona na ƙoshi. Ranar da na faɗa musu gaskiya, su ɗin dai da sunka ƙosar da ni, su sunka ɗaga ni sama.